Manomi, Kada Ka Sayar da Abin da Garma Ta Tono

Daga Ungogo zuwa Minjibir, Ɗambatta, Bichi har Kunci, gona ta haɗe da gona, daji ya ƙare. Shi ya sa yawancin tsofaffin kufaifan wannan yanki na ƙasar Kano yau a ƙarƙashin gero da gyaɗa suke. Garma kan tono tsingaro, da dutsen niƙa, da kashin maƙera a inda kakanni suka narka tama, wani lokaci har da tulu ɗungurungum.

Yaƙi ne ya sa aka kewaye garuruwan nan da ganuwa, shi ne kuma ya tashi wasunsu. Rigimar Ɗantunku da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, da hare-haren Maraɗawa, da zuwan Damagarawa har Tattarawa a ƙarshen ƙarni na 19, duk a wannan ƙasa aka yi su. To, abin da mayaƙa suka rage, mu muke ƙarasawa: a kankare ganuwa a yi tubali, a cika tifa a kai birni. Badalar Kano ma, wadda Sarki Gijimasu ya aza harsashinta shekaru wajen 900 da suka wuce, haka ake cinye ta kowa na kallo.

Sai kuma dillalai. A shekarun 1990 sun sa talakawa haƙa a ƙasar Katsina da Kwatarkwashi ta Zamfara, suka yi awon gaba da mutum-mutumin yumɓu masu tarin yawa. Mai haƙa ya samu na cefane, kaya suka ƙare a Turai da tsadar gaske. A 2000 an baje irinsu, na tsohuwar al'adar Nok, a gidan tarihin Louvre na Faransa, har Nijeriya ta yi ƙorafi.

Wani zai ce ai gumaka ne, gara a rabu da su. Ba wanda ya ce a bauta musu. Amma kayan da aka zare daga ƙasa a ɓoye sun rabu da labarinsu ke nan, don masana da zurfin rami da abin da ke gefen kaya suke gane shekarunsa. Dubi Durɓi Takusheyi a ƙaramar hukumar Mani: da aka tona tsofaffin kushewun da ke wurin a tsanake a 1992, an samu kayan zinariya, da awarwaron hauren giwa, da kwanon tagulla, shaidar cewa sarakunan Katsina na dauri suna cinikayya da ƙasashe masu nisa. Da ɓarayi ne suka riga, da ba mu san wannan ba.

Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikin irin waɗannan kaya ba da izini ba. In garmarka ta ci karo da wani abu, bar shi a inda yake, ka ɗauki hotonsa da waya, ka sanar da mai unguwa ko dagaci, su kai magana gidan tarihi na Gidan Makama a Kano.