Wace A-Kori-Kura Ta Dace Da Fadamar Haɗeja?

Duk wanda ya bi hanyoyin ƙasar Haɗeja da kaka ko da rani, daga Auyo zuwa Kafin Hausa, ko daga Kirikasamma zuwa Guri, ba zai rasa gamuwa da ƙananan motocin nan na kaya ba, waɗanda mu ke kira a-kori-kura. Su ke kai taki gona, su ke kwaso shinkafa daga bakin fadama, su ke fito da tattasai da albasa da bandar kifi zuwa kasuwa. Yanzu kuwa malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomi da yawa sun sa ido a kansu. Wani adashi ya ɗauka, wani garatutinsa ya karɓa bayan ya gama aikin Gwamnati, yana neman abin da zai riƙe iyali da shi. Irin wannan kuɗi sau ɗaya ya kan zo hannun mutum. Saboda haka ya kamata mu tsaya mu duba, kafin a ƙirga wa dillali kuɗi, mene ne ke sa a ce mota ta yi ƙarko, kuma yaya a ke gane wadda ta ci kuɗinta.

DAGA TAKARKARI ZUWA FIJO

A zamanin En'e, jaki da raƙumi da takarkari su ne motocin talaka. Da hanyar jirgin ƙasa ta tashi daga Kano ta isa Nguru a 1930, ta ratsa Malam Madori, a bayan dabbobin nan a ke kai gyaɗa tasha. Daga baya manyan motoci suka shigo, amma babbar mota ba ta barin hanyar burji, kuma ba ta tashi don buhu goma.

Wadda ta cike wannan gurbi ita ce Peugeot, wadda mu ke ce wa Fijo. Mutanen Faransa suka fito da samfurin 404 a 1960, da 504 a 1968, kowace kuwa aka yi mata ta ɗaukar kaya. Sun yi suna a tseren motoci na Safari a Afirka ta Gabas, inda 404 ta zo ɗaya a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, 504 kuma a 1975. A wannan shekara ta 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna, har aka shiga shekarun 2000 ana haɗa 504 a can. Abin da ya biyo baya shi ne, kayan gyaranta suka cika kasuwa, kowane gari ya sami makanikin da ya san cikinta kamar yunwar cikinsa.

ƘASAR DA ZA TA YI AIKI

Ba a yanke wa mota hukunci sai an san inda za ta taka. Ƙasar Haɗeja iri biyu ce a cuɗe: ga jigawa mai rairayi inda taya ke nutsewa, ga fadama mai laka wadda kan zama taɓo da damina, ta bushe ta yi tauri da rani, sawun shanu da na amalanke su bar ta rami-rami. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗeja ta sake. Ciyawar kachalla ta toshe magudanai da yawa, ruwa ya kan kwanta a inda da ba ya kwanciya. Kowa kuma ya tuna ambaliyar 2020 da ta 2022, sa'ad da hanyoyi suka yanke, garuruwa suka koma sai da kwalekwale.

To, motar da za ta rayu a nan tilas ta cika sharaɗi uku: ƙasanta ya yi nisa da ƙasa, ƙarfen da ke ɗauke da ita ya jure girgiza da danshi, sa'an nan a iya gyara ta a inda ta lalace.

IRI UKU DA KE GABAN MAI SAYE

Ta farko tsohuwar Fijo. Injinta ba shi da wuyar sha'ani, sifirin ɗinta na baya masu faranti ne, an yi ta don ta ɗauki kimanin tan guda. Aibinta tsufa. Ko wadda aka haɗa daga ƙarshe ta ba shekara 15 baya, tsatsa ta ci da yawa daga cikinsu, kuma da ƙafafun baya kaɗai ta ke ja, don haka ta kan kafe a taɓo.

Ta biyu Toyota Hilux ta Japan, wadda aka fara ƙerawa a 1968, aka fito da mai ja da ƙafa huɗu a 1979. Gangar jikinta a kan shasi mai kama da tsani ta ke zaune, watau dogayen ƙarafa biyu da aka haɗa da gajeru a tsakani. Shi ke ɗaukar wahalar hanya, ya bar bodi ya huta. A rairayi da taɓo ba ta da tsara cikin ukun nan, kuma in an tashi sayarwa ba ta faɗuwa ƙwarai. Sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin ma'aikata, kuma sababbin samfurinta na da na'urorin lantarki waɗanda ba kowane gareji ke iya taɓawa ba.

Ta uku 'yan ƙananan nan, Daihatsu Hijet da Suzuki Carry, waɗanda aka fara yi a 1960 da 1961. Ba su shan mai, abin da ya zama babbar magana tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki. Amma a lura da abu ɗaya. Dokar Japan ta ƙayyade wa irin waɗannan motoci kaya kilo 350 kacal. Buhun taki kilo 50 ne, watau buhu 7 ke nan, alhali mai ɗaukar tan guda buhu 20 ta ke ɗauka. Tayoyinsu kuma ƙanana ne, rami kaɗan ya ishe su. Waɗanda aka yi don kasuwar Japan sitiyarinsu a dama ya ke, mu kuwa tun 1972 mu ke tuƙi a hannun dama, sai an juya sitiyarin. In wanda ya juya bai ƙware ba, rai ne a kan siraɗi.

LODI FIYE DA KIMA

Abin da ya fi kashe motoci a ƙasarmu lodi ne. Mai mota ya kan je a ƙara masa faranti biyu ko uku a sifirin, ya ga mota ta daina zama, ya ce ta ƙara ƙarfi. Sifirin kaɗai aka ƙara. Birki na nan yadda masu ƙira suka auna shi, haka taya, haka shasi. Nauyin da sifirin ya daina shanyewa sai ya koma kan shasi, ya tsage a hankali, mai walda ya ɗinke, ya sake tsagewa a gefen ɗinkin. Ranar da saniya ta faɗo hanya, a ranar a ke sanin birkin buhu 7 ba ya tsai da buhu 15.

Haka nan ruwa. Direban da ya kutsa cikin ambaliya har inji ya zuƙi ruwa, ya jawo gyaran da zai cinye ribar kaka guda. Laka kuma da aka bari ta kwana a ƙarƙashin mota tana riƙe danshi, danshi ya haifi tsatsa. Wanke ƙasan mota bayan fita daga fadama ya fi goge gilashinta amfani.

ABIN DA ZA A DUBA

Mai saye ya tafi da makanikin da ya amince da shi, ba wanda dillali ya kawo ba. A fara da shiga ƙarƙashi da tocila. A ƙwanƙwasa shasi da ƙarfe, gama mai lafiya ƙara ya ke yi, rubabbe kuwa sai ya amsa a dushe. Wannan ya fi zama dole ga 'yan Kwatano da suka fito daga ƙasashen sanyi, inda a ke zuba gishiri a hanya don narkar da ƙanƙara, gishirin ya ci ƙarfe daga ciki. Sabon baƙin fenti a ƙasan tsohuwar mota abin tuhuma ne. A ta da inji da safe yana sanyi, a dubi hayaƙi. A dubi baƙin mai, in ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. A ɗora mata kaya a gwada birki da giya. Sa'an nan a gwama lambar shasi da ta takardun kwastan.

Daga nan sai lissafi, wanda mu malamai bai kamata a fi mu shi ba. Kuɗin saye kashi ɗaya ne. A haɗa da na mai, da taya, da gyara, da na direba da yaronsa a shekara, a cire abin da za a samu in an sayar da ita, a raba bisa yawan buhunan da ta ɗauka. Kada a manta da kwanakin da ta yi a gareji ana jiran ƙarfe daga Kano, gama tattasai ba ya jiran makaniki, kuma manomin da aka yi wa alkawari aka saɓa, baɗi wani zai nema. Araha ba ta ado.

Wanda aikinsa cikin gari ne da kan kwalta, kayansa marasa nauyi, 'yar ƙarama ta ishe shi, muddin ya tsaya a kan ƙa'idarta. Wanda zai shiga fadama da damina, ya nemi mai shasi da ƙafa huɗu, in kuɗinsa bai kai ba ya haɗa hannu da abokan aikinsa biyu ko uku, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu. Wanda kuwa bai sami ko ɗaya ba, ya riƙe kuɗinsa ya yi haya har Allah ya hore masa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.