Me ya haɗa motar Indonesiya da gidan man Mobil?

Idan ka sauka a Jakarta ka ji direba yana ta ambaton "mobil", kada ka ɗauka gidan mai yake nema. Motarsa yake nufi. A harshen Indonesiya, wanda reshe ne na harshen Malay, kowace mota sunanta mobil, ko man wane kamfani take sha.

Wataƙila ka ce, ai labarin Omo ne. Mu ma duk garin sabulu Omo muke ce masa, duk ɗunƙulen miya Maggi. Su ma 'yan Indonesiya suna da irin wannan, don man goge haƙori "odol" suke kiransa, sunan wani samfurin Jamus. To amma mobil ba ta wannan hanya ta biyo ba.

Asalinta kalmar Latin ce, mobilis, wato abin da ke iya motsi. A ƙarshen ƙarni na 19 Turawa suka liƙa mata "auto" ta Girkanci, mai nufin "da kansa", suka sami sunan keken da ke tafiya ba doki. Sunan ya yi wa baki tsawo, sai kowa ya datse inda ya ga dama. Jamusawa da mutanen Holan suka riƙe kai, auto. Mutanen Suwidin da Denmak suka riƙe ƙarshen wutsiya, bil. Indonesiya, wadda ta karɓi kalmar daga Holan da ta yi mata mulkin mallaka, ta tsaya a kan mobil.

Shi kuwa kamfanin, daga wannan rijiyar ya ɗebo nasa. Vacuum Oil na Amurka ne ya sa wa man injinsa suna Mobiloil. A 1966 kamfanin da ya gaje shi ya koma Mobil Oil, a 1999 ya haɗe da Exxon. Ka ga ke nan uwarsu ɗaya, babu wanda ya haifi wani.

Abin da ya fi ba ni dariya yana Malesiya, maƙwabciyarsu. Harshen kusan ɗaya ne, amma can mota "kereta" ce, kalmar da aka aro daga Fotugal, waɗanda suka kama Malaka a 1511. Ka faɗi kereta a Jakarta, tashar jirgin ƙasa za a nuna maka. Ka ce a Suwidin mobil ɗinka ta ɓata kuma, wayar hannu za a taya ka nema.