Ƙarar janareto da na'urar taimaka wa ji a Kaduna

A unguwar Narayi da ke kudu da kogin Kaduna, ƙarar janareto da injinan niƙa ta zame wa mazauna jiki.

Sauti dai girgizar iska ce da ke kaɗa dodon kunne, sannan wasu 'yan gashi a can ciki su miƙa saƙon ga ƙwaƙwalwa. Masana sun ce zama cikin ƙarar da ta haura disibel 85 na sa'o'i takwas kullum na iya kashe gashin, kuma ba ya sake tsirowa.

Na'urar kunne ba ta warkar da wannan. Sautin take ƙara wa ƙarfi, shi ya sa sai an auna jin mutum kafin a saita ta. Ana wannan awo a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a Kaduna a 1999.