Yafiya da Godiya a Ma'aunin Kwanciyar Hankalin Malaman Makaranta a Ƙasar Funtua

Duk wanda ya ce wa malamin makaranta a Funtua "Ina aiki?" amsar da zai ji ita ce "Aiki da godiya." Wannan ladabin gaisuwa ne, ba lallai ya bayyana abin da ke cikin zuciya ba, kuma daga nan wahalar nazarin ta faro.

Masana halayyar ɗan'adam sun jima suna danganta godiya da yafiya da lafiyar ƙwaƙwalwa. A shekarar 2003 Robert Emmons da Michael McCullough sun nuna cewa masu rubuta ni'imomin da suka samu sun fi masu lissafa ɓacin ransu jin daɗin rayuwa. A 2013 David Chan ya tarar da irin wannan alaƙa a tsakanin malaman Hong Kong. Bayanin da akan bayar shi ne, halayen biyu suna rage saƙe-saƙen zuci, wato yawan maimaita laifin wani a rai.

Sai dai Everett Worthington ya bambanta yafiyar da mutum ya ƙudurta da wadda ta sauka a zuciya. Hausa ma ta yi nata rabon: "na yafe" daban, "na haƙura" daban, "na bar shi da Allah" kuwa sau da yawa ɗage shari'a ce zuwa Lahira. Haƙuri, wanda Kirk-Greene ya sanya cikin siffofin mutumin kirki a 1974, yana iya zama rufi a kan ciwon da bai warke ba.

Malamin wannan yanki, wanda galibi yakan haɗa alli da noman masara, yana da nauyi iri biyu. Akwai ɗalibin da ya yi masa rashin kunya da uban da ya ci masa mutunci a gaban aji. Nan yafiya kan sauƙaƙa barci. Akwai kuma fargabar da ta biyo bayan sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, da albashin da ba ya kai ƙarshen wata. A ganin wannan nazari, kiran malami ya gode a irin wannan hali ya fi kusa da toshe baki.

Saboda haka takardar tambayoyin da aka fassara daga Ingilishi za ta iya nuna godiya mai yawa a Malumfashi ko Bakori alhali gaisuwa kawai ta auna. Hirar baka da ke bin kalmar da malamin ya zaɓa da kansa za ta fi fito da bambancin.