Masu Goyon da Ba Ya Sauka

Tun kafin hantsi ya dubi ludayi benci ya cika a sashen yara na wani asibiti a birnin Katsina. Mata ne daga Ƙofar Sauri da Ƙofar Marusa, wasu daga Batagarawa da Rimi, kowacce da goyo. Sai dai ba jarirai ba ne: yaro ne ya isa shiga makaranta amma wuyansa bai tsaya ba, ko yarinya ta yi wayo a ido amma ba ta taɓa kiran Inna ba. Da yawa sun gama zagaya masu magani, an ce musu iska ce, kafin su iso nan.

Ma'aikaciyar jinya kuwa daga haihuwa take faro tambaya. Naƙuda ta yi tsawo? Ya yi kuka da ya faɗo? Shawara ta kama shi kafin suna? Ya yi sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro mai jijjiga? Waɗannan su ne kan taɓa ƙwaƙwalwar yaro su bar shi da galahanga, kuma yawancinsu ana iya tare su da wuri.

Babu allurar da za ta warkar da wannan lalura. Aikin na koyarwa ne: yadda za a zaunar da yaro a ba shi kunu kada ya shaƙe, yadda zai riƙe cokali, yadda zai nuna yana son bayan gida, da gargaɗin kada a yanke maganin farfaɗiya don an ga sauƙi. Daga nan sai ɗakin gashin ƙashi. "Sannu da ƙoƙari, Hajiya," in ji nas, don ta san uwar ma tana bukatar jinya.

A Birtaniya wannan jinya fanni ne mai zaman kansa, wanda ya cika shekara ɗari a 2019. A ƙasar Ayalan sistocin Katolika na cikin waɗanda suka daɗe suna riƙe da shi, musamman 'yan ƙungiyar Daughters of Charity da aka kafa a Faransa a 1633. Mace takan bar aure da dukiya, ta yi karatun jinya, ta tsufa tare da yaran da ta karɓa. Darasinsu bai tsaya ga addini ɗaya ba: haƙuri kaɗai bai isa ba, sai an haɗa shi da horo.

A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan jihar Katsina, ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci. Amma doka ba ta ba yaro kunu. Katsina tana da iyaye masu juriya. Abin da ya rage shi ne makarantun jinyarmu su ware wa wannan fanni gurbi, gwamnati ta ɗauki waɗanda suka koye shi, ta kai su har asibitocin ƙauye.