Wayar salula: abokiyar ciniki mai iya tona asiri

A yau babu ɗan kasuwar da zai tashi daga Maraɗi zuwa Jibiya, ko daga Birnin Ƙonni zuwa Illela, babu salula a aljihunsa. Da ita muke jin farashin gero da canjin naira da sefa, da ita muke aika kuɗi. Sai dai wayar nan tana ba da labarinmu, mun sani ko ba mu sani ba.

Muddin tana kunne, waya tana magana da eriyar kamfani da ke kusa, ko da ƙaramar waya ce mai madannai. Ta haka kamfani yake sanin yankin da muke. Layin kuma da sunanmu yake; a Najeriya, a watan Disamba na 2020 hukuma ta umarci a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa. Wannan bibiyar ba ta da magani sai kashe waya.

Abin da ke hannunmu shi ne ƙofofin da muke buɗewa da kanmu. Manhajoji da yawa suna neman izinin ganin wurin da muke, da hotuna, da lambobin abokan hulɗarmu. Abin ya yi ƙamari har a 2023 kamfanin Google ya haramta wa manhajojin bashi taɓa lambobi da hotunan masu waya. Mu shiga saitin waya mu janye izinin da ba ya da amfani, mu kashe GPS idan ba mu buƙatarsa.

Tun 2016 WhatsApp ke kulle saƙo tsakanin mai aikawa da mai karɓa, saɓanin saƙon SMS. Amma kullen ba ya hana komai idan muka karanta wa baƙo lambobi 6 da aka turo mana. Da su ɓarawo ke ƙwace asusu ya roƙi abokan cinikinmu kuɗi da sunanmu.

Mu sa wa waya da layi lambar sirri. In za mu bar ta wurin mai caji, a kulle. In wurin mai gyara ne, mu cire layi da memori. Mu riƙa sabunta manhajar waya, don sabuntawa ce ke toshe kafofin masu leƙen asiri.

Uwa uba, kada mu sa hoton kaya ko ranar tafiya a dandalin zumunta. Masu tare hanya ma suna da waya, kuma suna dubawa.