Shirin Musamman: Bakin da Haƙoransa Suka Zube Yana Gyaruwa

Muna gaida mutanen Kurya Madaro, da na Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi. Shirinmu na yau a kan baki yake, bakin da haƙora suka lalace a cikinsa har tauna ta gagara.

Baba, kai da ka haƙura da tsire ba don ba ka so ba, da ke Inna, da kike kai gefen mayafi baki in dariya ta zo, da ku muke magana.

Haƙoran babban mutum 32 ne, kuma kowane na sama yana da abokin gamo a ƙasa. In aka cire turmi ɗaya na ƙasa aka bar giɓi, maƙwabtansa sukan karkato cikin gurbin, na samansa kuma ya zazzago tunda babu mai tare shi. A hankali sai cizo ya sauya. Mutum ya koma tauna da gefe guda, haƙoran gaba su ɗauki aikin da ba nasu ba har su cinye, muƙamuƙi ya riƙa ƙara da ciwo daf da kunne. Ƙashin da ke riƙe da haƙorin da aka cire shi ma yakan zaizaye, shi ya sa kumatu ke lotsawa, tsufa ya riga shekaru zuwa.

Don haka maganar nan da muka saba, wai a cire a huta, ni ina ganin ta cuce mu ƙwarai. Yau a cire ɗaya a kasuwa, baɗi a cire wani, babu wanda ya taɓa duban bakin gaba ɗayansa.

Likitan haƙori kuwa da duban gaba ɗayan yake farawa. Zai ɗauki hoto ya ga saiwa da ƙashi, ya gwada yadda sama da ƙasa ke haɗuwa, ya tambaye ka ko kana da ciwon suga, domin suga na lalata dasashi kuma yana hana rauni saurin warkewa. Daga nan sai aiki daki-daki. Dasashi ne farko: a kankare dattin da ya daskare, a kashe ƙwayoyin cutar da ke sa jini da wari, don ba a gini a kan ruɓaɓɓen tushe. Sai a ceci abin da zai cetu. Mai ƙaramin kogo a yi masa ciko, wanda ciwo ya kai jijiyarsa a wanke cikinsa a toshe, a sa masa hula. Wanda ya gagara ne kaɗai ake cirewa. Cike giɓi shi ne na ƙarshe. Akwai haƙoran roba da ake cirewa da dare a wanke, su ne masu sauƙin kuɗi. Akwai waɗanda ake ɗaurawa a kan maƙwabta su zauna daram. Akwai kuma dashe, inda ake kafa ɗan ƙarfe cikin ƙashi a jira wata 3 zuwa 6 ya kama. An fara yi wa ɗan Adam irinsa a ƙasar Suwidin a 1965, amma har yau yana da tsada.

Mun san halin da hanyoyinmu ke ciki, kuma wannan aiki ba na zuwa ɗaya ba ne. In ka isa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ka roƙi likita ya rubuta maka tsarin aikin duka: me za a fara, sau nawa za ka dawo, nawa ne kuɗin kowane mataki. Ka faɗa masa daga inda ka fito, don ya haɗa maka abin da zai haɗu a rana ɗaya.

Iyaye mata, saura ku. Akwai ciwon da ke farawa daga kumburin dasashin yaro mai fama da tamowa, cikin 'yan kwanaki ya huda kunci, wani ma muƙamuƙinsa ya kulle. Likitoci na kiransa noma, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. A Sakkwato akwai asibitinsa na musamman tun 1999, inda ake gyaran fuska da baki kyauta. Amma in an tare shi da wuri, magani da wanke baki da abinci mai gina jiki kan tsayar da shi.

A daren yau, ku haska fitila ku duba bakin yaranku. In kun ga dasashi na jini, ko wari mai ƙarfi da kumburin kunci, kada ku jira ranar kasuwa. Gobe da safe ku kai yaron asibiti mafi kusa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Mu kwana lafiya.